Ɗan Hakin da Ka Raina: Tafet Mai Taya da Ƙarkonsa a Injunan Gudu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, injiniyan motoci, ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a babban ɗakin taro na makaranta.)

 

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyarmu, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai waɗanda suka shaƙi ƙurar alli saboda mu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu ɗalibai na yanzu, barkanmu da ganin wannan rana.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga cikin sana'ata, bisa sharaɗi biyu: kada in wuce minti ashirin, kuma kada in sa dattawa gyangyaɗi. Saboda haka na zaɓi ɗan ƙaramin abu, wani ƙarfe wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kaurinsa kuwa kamar na babban yatsa. Amurkawa suna kiransa lifta, mu kuma a gareji tafet muke cewa. Irin wanda zan yi magana a kansa yana aiki da baƙin mai, kuma yana da 'yar taya a gindinsa. A manyan injunan Amurka masu silinda takwas, irin na motocin gudu da manyan jif-jif, sau da yawa wannan ɗan ƙarfe ne yake yanke wa inji kwanansa. Abin da nake so mu koma gida da shi guda ɗaya ne, watau ƙarkon tafet rabinsa ne kawai yake fitowa daga masana'anta. Sauran rabin yana hannun man da aka zuba masa, da sifirin da yake dannansa, da gudun da aka ɗora masa, da kuma mutumin da ya ɗaura shi.

Aikin tafet

Kowane inji numfashi yake yi. Yana da ƙofofin da ake kira bawul, ɗaya na shigar da iska da fetur, ɗaya na fitar da hayaƙi. Abin da ke ba su umurnin buɗewa shi ne kamshaf, wani dogon ƙarfe mai tozaye kamar na raƙumi. A irin injunan da muke magana, kamshaf yana can ƙasa a tsakiyar inji, bawul kuwa suna sama. To, tozo ya juyo ya ɗaga tafet, tafet ya tura wata doguwar sanda, sandar ta ɗaga wani ƙarfe mai lilo kamar sikeli wanda makanikai ke kira roka, shi kuma ya danna bawul ya buɗe. Da tozo ya wuce, sai sifirin ya maido da kome mazauninsa.

Wanda duk ya taɓa mallakar Fijo 504 ko Bitil a cikinmu ya san saitin tafet. Akan kai wa makaniki mota da sassafe, inji yana da sanyi, ya fito da siraran ƙarafan awo, ya bar ɗan gibi tsakanin roka da bawul. Dalilin gibin nan malamanmu na kimiyya sun koya mana tun muna aji uku: ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. In ba a bar gibi ba, bawul ba zai rufe sosai ba, zai ƙone. In gibin ya yi yawa, sai ƙara da cin ƙarfe.

Tafet mai aiki da mai ya zo ne don ya raba mutane da wannan wahala. A cikinsa akwai wani ɗan fistin, da ƙaramin sifirin, da ɗan ƙwallon ƙarfe mai aikin ƙofa. Lokacin da tozo ya wuce, ƙaramin sifirin yana ɗaga ɗan fistin har gibi ya toshe, mai ya shiga ya cika ƙarƙashinsa. Da tozo ya sake zuwa, ƙwallon sai ya rufe hanya, man ya rasa mafita. A nan darasi na biyu na malamanmu ya shigo: ruwa ba ya matsuwa. Man da aka kulle sai ya zama kamar sandar ƙarfe, ya ɗaga kome. Sa'an nan masu ƙira da gangan suka bar wata 'yar kafa tsakanin ɗan fistin da jikin tafet, wadda ta fi silin gashi siranta sau da yawa, domin ɗigon mai ya riƙa zurarewa, tafet ya rage tsawo in ƙarafa sun miƙe. Watau makaniki ne ɗan ƙarami zaune a cikin inji, yana saiti a kowane juyi, ba ya neman kuɗin aiki.

Yadda taya ta shigo

Wannan dabara ta mai ta fara bayyana a motocin alfarma na Amurka, irin su Cadillac da Pierce-Arrow, a shekarun 1930. Daga baya ta bazu, har ta zama ruwan dare. Amma shekara da shekaru gindin tafet shafaffe ne, gogar tozo yake yi kai tsaye, ba abin da ke tsakaninsu sai ɗan siririn mai.

Bayan rikicin man fetur na 1973, gwamnatin Amurka ta kafa doka a 1975 wadda ta tilasta wa kamfanoni su rage shan man motocinsu. Injiniyoyi suka shiga farautar duk inda ƙarfi ke salwanta ta hanyar guga. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne gindin tafet. Sai aka sa masa 'yar taya mai juyawa a kan wasu ƙananan boris sirara masu kama da allurai. Kamfanin Ford ya sa irin wannan a injin Mustang mai lita 5.0 a 1985. Chevrolet ya bi sahu a 1987, a shahararren injinsa ɗin nan da ya fara fitowa tun 1955.

Tayar ta kawo riba ta biyu wadda ta fi burge masu son gudu. Shafaffen tafet, faɗin gindinsa ne ke ƙayyade saurin da zai iya hawa tozo. In tozon ya cika tsayuwa, gefen tafet zai kafta shi. Mai taya kuwa yana iya hawa tozo mai ƙiba, ya buɗe bawul da sauri, ya daɗe a buɗe. Inji ya sami iska mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Riba ta uku ta fito fili a 2004, lokacin da sabon ƙa'idar man inji ta rage sinadarin fosfaras zuwa kashi 0.08 cikin ɗari a mayukan ƙananan motoci, don kare matatar hayaƙin nan ta cikin salansa wadda a gareji ake yi wa laƙabi da indomi. Wannan sinadari, haɗe da tutiya, shi ne garkuwar shafaffen tafet. Masu tsofaffin injunan gudu suka yi ta kukan cinyewar tozo, masu taya kuwa ba su ji a jikinsu sosai ba.

Nauyin da yake ɗauka

Jama'a, bari mu ɗan yi lissafi, malamin lissafi yana nan zaune, in na kauce ya gyara. Kamshaf yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na inji. In inji yana juyi 6,000 a minti, kowane tafet yana hawa yana sauka sau 3,000 a minti, watau sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ko a tafiyar hankali ta juyi 2,000, sau 60,000 ke nan a awa guda. Motar da ta yi awa 4,000 a kan hanya, kowane tafet nata ya yi wannan hawa da sauka sau miliyan 240. Kuma su 16 ne a injin silinda takwas. Guda ɗaya ya gaza, sauran 15 ba za su cece shi ba.

Sai nauyi. A ce sifirin bawul na injin gudu yana turjiya da nauyin kilo 180 in an danne shi. Roka na injunan LS na kamfanin General Motors yana ninka wannan sau 1.7 kafin ya iso ga tafet. Ya zama kilo 306, fiye da buhun masara uku, a kan 'yar tayar da faɗinta bai kai santimita biyu ba, ita kuma ta sauke shi a kan allurai biyu ko uku da suke ƙasa a wannan lokaci. Har yanzu ba mu sa ƙarfin fizga ba. Darasi na uku ke nan: ƙarfin da ake bukata don fizgar abu a tsayar da shi yana ninkuwa ne fiye da yadda gudu ke ninkuwa. In ka ninka gudun inji sau biyu, wannan ƙarfi sau huɗu zai ninku. Shi ya sa tafet ɗin da zai yi shekara ashirin a motar kai yara makaranta yake iya mutuwa cikin wata shida in an canza masa tozo da sifirin an shiga tsere da shi.

Abokan gabansa huɗu

Na farko shi ne gudun da ya fi ƙarfin sifirin. In inji ya wuce iyakarsa, sifirin ba ya iya maido da bawul a kan lokaci, sai tayar ta rabu da tozo, ta yi tsalle, ta faɗo kamar guduma. Wannan duka shi ke farfasa allurai. Har ila yau, a ɗan lokacin nan da aka rabu, tafet zai ga gibi ya buɗe, ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, ya sha mai ya ƙara tsawo. Sakamakon haka bawul ba zai koma ya rufe ba. Ƙarfin inji ya faɗi nan take, in kuma abin ya yi muni fistin ya taso ya mari bawul. Mutane sukan ɗora wa tafet laifi, alhali sifirin ne ya fara sakin aiki.

Na biyu kishiyar na farko ne, watau sifirin da ya wuce kima. Mai gyara ya ji tsoron tsalle, sai ya ɗaura sifirin mai taurin gaske. Yanzu kuma matsin ya fi ƙarfin man da ke ciki, yana zurarewa da sauri, tafet ya lotsa, bawul bai buɗe yadda ya kamata ba. Allurai kuma suna ɗauke da wannan nauyi ko da mota tana tsaye inji na aiki a hankali. Gaba kura, baya sayaki. Mafitar da ƙwararru suka gano ita ce a rage nauyin kayan da ake fizga. Injin LS1 na motar Corvette ta 1997 ya zo da sifirin mai tsukakken kai kamar amya, wanda samansa ba shi da nauyi. Injin LS7 na Corvette Z06 ta 2006, mai lita 7.0 da ƙarfin doki 505, an yi masa bawul ɗin shigar iska da ƙarfen titaniyam mara nauyi. Da haka ya kai juyi 7,000 a minti da tafet mai mai da taya, kuma aka sayar da shi da garanti kamar kowace mota. Wannan ya nuna tafet yana iya gudu in an sauƙaƙa masa kaya.

Na uku shi ne mai. A sauran sassan inji, mai shafawa yake yi da sanyayawa. A cikin tafet kuwa mai ƙashi ne, da shi ake tsayuwa. Ɗan tsakuwar da ido ba ya gani ya isa ya hana ƙwallon nan rufewa, ko ya maƙale ɗan fistin. Man da ya tsufa yana barin dauɗa mai danƙo a cikin kafar zurarewa. In an cika mai fiye da alama, karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa. In ya yi ƙasa, famfo ya zuƙi iska. Ko wanne ne, iska ta shiga, ita kuwa iska tana matsuwa, sandar ƙarfen nan ta koma soso. Bugu da ƙari, a yawancin waɗannan injuna allurai suna dogara ne da man da ke fantsama da wanda ke gangarowa, kuma wannan yakan ragu in inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci.

Na huɗu shi ne hannun mai ɗauri da ingancin kaya. Dole a danna ɗan fistin ciki da wani ɗan awo tun wajen ɗauri, abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, gwargwadon yadda kamfani ya rubuta. In an aske saman inji ko an canza kamshaf, tsawon sandar turi ya canza ke nan, sai an sake aunawa. Sa'an nan tafet mai taya ba a yarda ya juya a raminsa ba, domin taya hanya ɗaya take bi. Wasu injuna ƙarfe ne ke riƙe su biyu-biyu, injunan LS kuwa wani mazubi ne na roba. In mazubin ya tsufa aka maida shi don tsimin kuɗi kaɗan, tafet ya karkace, tayar ta bi tozo a gicciye ta kankare shi. Game da jabun kaya kuwa, ido ba ya bambanta ƙarfen da aka gasa daidai da wanda aka yi wa fenti. Araha ba ta ado.

Yadda mutuwar take

Da fari ƙara ce, ƙyas-ƙyas-ƙyas, daga saman inji. In da safe ne, ta yi 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauke, wannan mai ne ya zurare cikin dare, ba abin tashin hankali ba ne. Amma in ta zauna bayan inji ya yi zafi, ko ta haɗu da kuka kamar na tsuntsu, ko inji ya fara rawa, to a tsaya. Allurai sun fara marmashewa. In aka ci gaba, tayar za ta cije, ta daina juyi, ta niƙe tozo. Garin ƙarfen ya bi mai ya zaga inji duka, ya shiga famfo, ya shiga metal na karanshaf. Gyaran da zai tsaya a kan tafet sai ya koma sauke inji gaba ɗaya. A injunan LS ma, kafin a kai ga tafet sai an cire saman inji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a koma tafet sandararre mara mai ba? Lalle injunan tsere na gaske shi suke sawa. Motocin babbar gasar NASCAR ta Amurka, waɗanda injunansu kan kai wajen juyi 9,000, sun daɗe da shafaffen tafet sandararre, sai a 2015 aka ba su izinin sa mai taya, shi ma mara mai. Amma waɗannan injuna kwance su ake yi a duba bayan 'yan tsere kaɗan. A motar yau da kullum, gibin da dole a bar wa sandararre yana sa tayar ta riƙa dukan tozo a kowane juyi, ga sifirin mai tauri, don haka alluransa ba su cika daɗewa ba. Mai aiki da mai kuwa tayarsa kullum tana manne da tozo, ba duka. Saboda haka ga wanda yake son ƙarfi da ƙarko a mota ɗaya, shi ne zaɓi, muddin an tsaya a iyakarsa.

Sabon nauyi

A motocin 2005 aka ƙara wa tafet wani aiki. Kamfanin Chrysler a injin Hemi mai lita 5.7, da General Motors a wasu injunansa, suka fito da dabarar kashe silinda huɗu daga cikin takwas in mota ba ta bukatar ƙarfi, don tsimin fetur. Kwamfuta ce ke aiko da matsin mai, ya ture wasu 'yan sakatu a cikin tafet, tafet ya lotsa da gangan, bawul ya zauna a rufe. Dabara ce mai kyau, amma duk sakata sabuwar ƙofar matsala ce. In ta maƙale, silinda ta mutu ke nan. Koke-koke sun yi yawa har a 2021 wasu masu motoci suka shigar da ƙarar General Motors a kotun tarayya a jihar Michigan, suna zargin cewa tafet ɗin yana saurin lalacewa.

Abin da ya shafe mu

Irin waɗannan motoci, su Tahoe, Suburban, Escalade da Charger, suna shigowa ƙasar nan ta Legas da Kwatano, kuma na ga biyu ko uku a ajiye a bakin ƙofa. Ga masu su, da masu niyyar saye, ga shawara. A zuba man da littafin mota ya ambata. Hemi mai kashe silinda an daɗe ana rubuta masa 5W-20, injunan LS da yawa 5W-30. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota don wai ƙasarmu da zafi, gadon zamanin Fijo ne, kuma mai kauri yana rikita 'yan sakatun nan. A sayi mai da filta a inda aka amince. A kula da filtar iska lokacin hunturu, domin ƙurar da ta wuce ta ƙarshenta cikin mai take. Direban da ya bar inji yana aiki awa uku saboda sanyin mota yana jiran maigida, ya sani agogon kilomita bai motsa ba amma man ya tsufa, sai a rage tazarar juye. A bar inji ya ɗumama kafin a taka shi. In an canza tafet, a duba tozo, a canza mazubi, a wanke hanyoyin mai. In kuma ƙarar nan ta zo ta zauna, a kashe inji a nemi mai janwe. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Iyayenmu malamai, kun ji duk abin da na faɗa a kan darussa uku ya tsaya: ƙarfe yana miƙewa da zafi, ruwa ba ya matsuwa, ƙarfin fizga yana ninkuwa da gudu. A azuzuwan can na bayanmu kuka koya mana su, wasunmu suna gyangyaɗi. Kamfanonin Ditiroyit ba su da wata kimiyya da ta wuce wannan. Abin da suka fi mu shi ne awo, da haƙurin maimaita awo. Don haka nake roƙon wannan ƙungiya, in an zo kasafin gudummawar bana, a tuna da ɗakin koyon sana'a da ɗakin gwaje-gwaje. A sayi kayan awo, a samo tsohon inji ko da matacce ne, yara su kwance su ɗaura da hannunsu. Yaron da ya koyi girmama rabin milimita ba zai yi ha'inci a babban aiki ba.

Ku kuma ƙannenmu, wanda ya ga mota tana sheƙa gudu fenti yake yabo, ba mai tambayar tafet. Yawancin ayyukan da ke riƙe da al'umma haka suke, a ɓoye, ba tafi. In Allah ya sa can ne rabonku, ku riƙe shi da amana.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya maida kowa gidansa lafiya.